Jikan Fatake a Kan Dutsen Agu

Likita ne ya fara jawo mini. Ya ɗaura mini abin awon jini a dantse, ya dubi lamba, ya dubi tumbina, ya ce, "Alhaji, yaushe rabonka da tafiyar ƙafa?" Na ce kullum sau biyar nake zuwa masallaci. Babban ɗana da ya rako ni, maimakon ya rufa mini asiri, sai ya ce ai bango ɗaya ne tsakanin masallacin da gidanmu.

Da yamma a majalisarmu ta Adakpamé, ana zagayen shayi, na kawo zancen don a taya ni jin haushi. Nan baki ya yanka wuya. Na ce ni jikan fatake ne. Kakana da ƙafarsa ya taso daga Kano, ya ratsa Borgu da Jugu har Salaga sayen goro, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma da yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa kasuwar Salaga, da ƙafar dai ya gangaro kudu. Jinin nan yana jikina, zaman dillancin motoci a tashar jirgin ruwa ne kawai ya lulluɓe shi da kitse. Wani Alhaji maƙwabcina, wanda tun muna makarantar allo ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ajiye kofinsa ya ce, "To jikan fatake, ga Dutsen Agu can. Ka hau da ƙafa, ka sauko da ƙafa, rago na wuyana."

Wanda bai san Lome ba, gari ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma a bakin teku. Unguwarmu ma a kwari take, shi ya sa in damina ta kankama ruwa ke shigo mana ɗaki ba sallama. Tudu ɗaya na sani, hawan Tokoin, shi ma a bayan zemijan, wato babur ɗin haya, nake haye shi. Agu kuwa shi ne dutse mafi tsawo a duk Togo, mita 986. Da na ji lambar sai na yi dariya, na ce ko kilomita ɗaya bai cika ba, daga gidana zuwa wurin mai tsire ya fi haka. Ba wanda ya tuna mini cewa hanyar mai tsire a kwance take.

Ran Asabar da asuba na fito cikin babbar rigar shadda fara, da hula, da takalmi sau-ciki sabo. Uwargida ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Alhaji, ɗaurin aure ne a kan dutsen?" Na ce jikan fatake ba ya fita da gajeren wando kamar ɗan ƙwallo. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, amma da irin muryar da take yi wa yaro in ya nace sai ya taɓa tukunya.

Kpalimé, garin da ke kusa da dutsen, na da nisan kilomita kusan 120 daga Lome. A tasi aka dunƙule mu, biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, muka wuce Adidogomé, Noépé, Kévé, Assahoun, ƙafata ta hagu ta mutu tun kafin a fara hawan. Ɗana, da yake ɗan jami'a ne, ya yi ta ba ni labarin layin dogon da Jamusawa suka buɗe a 1907 daga Lome zuwa Kpalimé don kwasar koko. Ni dai kokon da ke raina a lokacin na gero ne, mai zafi, da ƙosai, wanda na ƙi tsayawa sha don nuna jarumta.

A gindin dutsen muka sami jagora, wani saurayi ɗan Ewe sanye da silifas na roba, da Turawa biyu, mata da miji, daga Suwizalan. Mijin ya ce a ƙasarsu akwai duwatsun da suka haura mita 4,000, kuma in ƙanƙara ta rufe su mutane kan ɗaura faffaɗan katako a ƙafa su sulalo daga sama, har kuɗi suke biya. Na ce wa ɗana da Hausa, "Ka ji wahala da kuɗinka." Ya ce, "Baba, mu ma mun biya jagora."

Rabin sa'ar farko ni ne a gaba, ina ma jan baki. Hanyar 'yar siririya ce, matakan dutse, ta ratsa gonakin koko da kofi da ayaba da fiya, inuwa ko'ina, ƙasa ja mai danshi. Jagora ya fasa mana kwanson koko a kan dutse, muka tsotsi farin yauƙin da ke jikin ƙwayar, zaƙi-zaƙi tsami-tsami. Shekara hamsin ina ganin buhunansa a tashar jirgi, sai ranar na san ana shan sa ɗanye. Daga nan kuma sai gwiwoyina suka fara gardama. Numfashi ya koma na zuga-zugin maƙeri. Babbar riga ta sha gumi ta yi nauyin bargo, kowace ƙaya kuma sai ta kama ta sun gaisa.

Abin da ya fi ci mini rai, mutane na zaune a kan dutsen nan, ƙauyuka ne sosai, gidaje maƙale a jikin gangara kamar sheƙar tsuntsu. Ina dafe da wata bishiya ina neman raina, sai ga wata tsohuwa da ta isa ta haife ni, ƙafa ba takalmi, da daro cike da ayaba a ka. Ta ce mini "Baba," ta wuce sama. A bakin Ewe, "baba" sannu ce, irin wadda ake yi wa wanda ya faɗi ko aka yi wa rashi. Ban kai ga bishiya ta goma ba ta sauko da daro wayam, ta sake cewa "Baba." 'Yan makaranta suka wuce da gudu, "Baba, baba." Ɗana ma ya juyo ya ce "Baba," na rasa kira ne ko jaje.

An yi mini alkawarin ganin namun daji, ni kuma giwa na sa a rai, ashe giwaye suna can arewa, dajin Fazao-Malfakassa wajen Sokodé. Can sai jagora ya tsaya cak, ya ɗora yatsa a leɓe. Turawa suka durƙusa. Ni kuwa na ja da baya na laɓe bayan ɗana, ina karanto duk abin da ya zo bakina. Jagora ya nuna wani ganye a hankali. Malam-buɗe-littafi ne, shuɗi, ya buɗe ya rufe. Wai saboda su mutane ke tasowa daga Turai zuwa yankin nan, musamman ƙauyen Kouma-Konda. Matar ta ɗauke shi hoto ya fi sau talatin, har da ƙwalla.

Na ce tunda abin na kallon ƙwari ne bari in zauna. Na sami wani dutse mai kyau na baje. Ashe a kan hanyar kwarkwasa na ajiye ƙafa. Su ba sa cizo sai sun gama hawa sun rarrabu, kamar an ba su oda. Na zabura na yi wata rawa da ko a bikina ban yi ba, na tuɓe babbar riga, na jefar da hula, ina dukan cinyoyina. Matar ta juyo da kamara daga kan ganye zuwa kaina.

Da azahar muka kai ƙololuwa, ni da rarrafe. An ce in gari ya yi garau ana hango ƙasar Gana. Hazo muka gani, fari fat, da dogayen ƙarafan sadarwa, da wasu sojoji masu gadi. Ina kwance a kan ciyawa sai na ji ƙarar babur. Na ɗauka kunnena ne. Sai ga ɗan zemijan ya ɓullo daga cikin hazo, da fasinja a baya yana cin gyaɗa. Titi ne, jama'a, titin mota, ya nannaɗo dutsen har sama. Wani soja ya dubi shaddata ya ce, "Alaji, me ya hana ka hawa babur?" Na dubi ɗana. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita ya ce tafiyar ƙafa."

Na kira ɗan zemijan a ɓoye, har mun fara ciniki, sai na ga wayar ɗana a sama. Maƙwabcina ya sa shi ya ɗauki komai, shaidar rago. Na sallami mai babur, na ce dama hanyar Kpalimé nake tambaya.

Muna fara gangara aka kece da ruwa. Ƙasan takalmi sau-ciki sumul yake kamar faranti, jar laka kuma ta zama sabulu. Taku uku na yi, na huɗun dutsen ne ya yi mini. Na zauna daɓas, na tafi. Na wuce jagora, na wuce Turawa, na wuce bishiyoyin da na jingina da su ɗazu ɗaya bayan ɗaya, babbar riga ta buɗe a baya kamar tutar jirgi, ina salati da ƙarfi. Kututturen ayaba ne ya tare ni, a ƙofar wani gida. Na ɗaga kai, tsohuwar nan ce zaune tana ɓare rogo. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Baba." Daga sama na jiyo Bature yana tafi, yana ihu wai ko a ƙasarsu sai an shekara ana koyo kafin a yi irin wannan, kuma ni ba katako.

Takalmin dama yana can har yau.

Kwana uku a zaune na yi salla. Kafin in iya fita, hoton ya gama WhatsApp ɗin Zongo, har 'yan'uwa na Kumasi sun bugo gaisuwa. Ran Juma'a na dogara sanda na je majalisa karɓar ragona. Maƙwabcina ya sa aka kunna hoton sau biyu a gaban dattawa, ya tsayar da shi daidai inda na zauna a laka. Ya ce, "Sharaɗi dai a hau da ƙafa, a sauko da ƙafa. Malam liman, don Allah duba mana, da me Alhaji ya sauko?"