Angona, Bar Dutsen Zuma Ya Huta

Angona, tsoho mai ran ƙarfe, wai me nake ji? An ce ka tara jikoki a Gwarimpa ka buga ƙirji, kafin azumi sai ka hau Dutsen Zuma. Kai ɗin? Kai da in za ka miƙe daga zaman tahiya sai ka danne kafaɗar na kusa, har 'yan sahu sun fara gudun gefenka! Masallacin bayan gida ma direba ke kai ka.

Ba raini ba ne, na san ka yi kokawa zamanin sule da sisi. Amma gwiwar nan ta riga ka yin ritaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce ɗan shekara 65 ya hau dutse ba. A ƙa'idojinta na 2020, minti 150 na motsa jiki ta nema a mako, da atisayen hana tangaɗi aƙalla kwana 3. Minti talatin ke nan sau biyar. Ka fi haka kana faɗa da rediyo a kan kuɗin fansho.

To, rage burin ya zo daidai wuyanka. Makon nan tashi daga kujera sau goma ba dafawa, ba "wash Allah". Ka tsaya kusa da bango, ɗaga ƙafa ɗaya, ka ƙirga goma, ƙirgen gaskiya fa, ba irin wanda kake min in na zo karɓar kuɗin cefane ba. Silifas ɗin nan da ya siɗe kuma a jefar, kafin tayil ɗin banɗaki ya yi maka kayen da ba a taɓa yi maka a fage ba. Sanda ba abin kunya ba ce. 'Yan matan da kake ɓoye wa ita sun ga furfurar tuntuni.

In wannan ya zauna, mu tafi Millennium Park a Maitama. Sarauniyar Ingila ta lokacin ce ta buɗe shi a 2003 tana da shekara 77, sai ka je ka nuna kai ma namiji ne. Babban burin kuwa Safa da Marwa, kusan kilomita 3, da ƙafarka, ba a keken turawa ba.

Ka kasa, ka ba ni takardata. Akwai wani tsoho a Kubwa da ke zagaya Tafkin Jabi kullum asuba, ya ma aiko da goro.