Mu Da Marubutanmu, Sai Haƙuri

Mu mutanen Gidan Rumji akwai mu da son labari, amma fa irin wanda muka saba. A da, littafi zai taso daga Kano, ya ratso Katsina da Jibiya, ya kwana Maraɗi, kafin ya iso mana. Mutum ɗaya ya saya, unguwa duk ta karanta, har bango ya rabu da takarda. Da yawanmu Faransanci muka yi a lakkol, a waɗannan littattafan muka goge da karatun Hausa. Yanzu abin ya koma WhatsApp da sauraro a waya, amma sharaɗinmu na nan: wanda ya ba mu soyayya jiya, soyayya zai ba mu gobe.

Ku dubi Ado Ahmad Gidan Dabino. Tun da ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991 muka ɗaure shi da Sumayya da Muhammad. Bawan Allah ya je ya rubuta wasan kwaikwayo, Malam Zalimu, mu kuwa ko a fada aka ambaci sunansa, kafin a zuba shayi na biyu an koma zancen Sumayya. Kamar mai ƙosai ce ta wayi gari ta ce yau waina za ta toya: ba mu ce wainar ba daɗi ba, ɗanɗanawa ce ba za mu yi ba.

Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuwa ita ta fi tayar mana da ƙura. Ana zaune ana jiran saurayi da budurwa, sai ga Alhaki Kuykuyo Ne a 1990: Alhaji Abdu ya yi amarya, ya kori Rabi da 'ya'ya tara, ita kuma ta ɗaura ɗamara tana sayar da abinci tana riƙon yaranta. Maza suka ce tona asiri ne. Mata suka ce a'a, ai gidan wane ne can bayan masallaci, sunan kawai aka sauya. Har yau in aka tada zancen a tsakar gida sai ka ji:

"Gwaggo, ai gaskiya ta faɗa."

"Gaskiya ce, 'yar nan, amma kowace gaskiya ake bugawa a takarda?"

Gwaggon nan kuwa ita ce ta sa jikarta ta karanta mata shi har ƙarshe, ta hana a tsallake wurin da kantin Alhaji ya ƙone. Littafin ya yi tafiyar da mu ba mu yi ba, don a 2012 an buga shi da Turanci a Indiya.

Abin dariyar, mu ɗin nan dai mu ne masu ƙorafin wai marubutan yanzu duk bakinsu ɗaya: attajiri, 'yar talaka, muguwar kishiya, mota mai baƙin gilashi. To, wata yarinya ta gwada rubuta labarin manomin da damina ta yaudara, ko na matar da mijinta ya tafi ci-rani Libiya shekaru ba waya ba aike. Kafin ta kai babi na uku saƙonni sun cika mata waya: "Anti, yaushe za a fara soyayyar?" Wasu su fice daga zauren WhatsApp ɗin ko sallama babu. In ta gaji ta sako musu Alhaji mai kuɗi, mu ce ai dama mun faɗa, ba su iya komai ba sai wannan.

Na gida ma ba mu kyauta masa ba. Abdullahi Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba, ya rubuta labarin Sarauniya Mangu ta Lugu da yaƙinta da Faransawa, ya fito a 1980. Muka ce da Faransanci ne, ya yi nauyi. Da Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, muka ce sai an kawo shi Maraɗi tukuna.