Yadda Za Ka Zauna Lafiya da Radish Bayan Likita Ya Raba Ka da Dankali

Na san kai ma awon suga ya nuna abin da ya nuna, an ce ka rage tuwo da shinkafa da dankalin Turawa, kuma wani masoyi ya turo maka bidiyo a WhatsApp wai radish zai maye maka gurbin dankali tunda ba shi da sitaci sosai. Sannu, ɗan'uwa. Wankewa da yankawa ba sai na koya maka ba.

Na ɗaya, kar ka yarda da bidiyon nan. Lissafin dai gaskiya ne: sitaci da sukarin da ke cikin giram 100 na radish ba su kai giram 4 ba, na dankalin Turawa kuwa wajen 17. Amma kusan kashi 95 cikin ɗari na radish ruwa ne zalla. In ka tsunduma shi cikin mai kana jiran ya yi ƙamas-ƙamas, zai fito lagwai-lagwai yana naso, kai kuma ka yi asarar man gyaɗa a tsadar nan. Raba shi biyu, barbaɗa gishiri ya tsatso ruwan, ka tsane shi, ka kife a kasko mai zafi da ɗan mai, ka ƙyale shi har ya yi ja. Wuta tana kashe zafin nan nasa mai hawa hanci. Ka zuba yajin ƙuli, ka ci shi a matsayin radish, zai ciyu.

Na biyu, saye. Shuka ce mai son sanyi, cikin wata guda take nuna, shi ya sa na hunturu da na wajen Jos suka fi daɗi. Matsa shi a gaban mai kayan miya. In ya lotsa, cikinsa ya zama soso, ajiye masa abinsa. Ganyen kuma yana shiga miya.

Na uku, mutanen gida, kuma nan aikin yake. Ka gama fama da kasko, Inna ta leƙa kwanon: "Ɗan nan, wannan ne abincin daren naka? Yi ko loma biyu ta tuwo mana." Ka je suna, a dire maka shinkafa da waina da lemon kwalba, ka ce a'a, a ce ka fara girman kai. Wani ya ce kakansa ya shekara casa'in yana cin tuwo sau uku a rana, bai kuma ce kakan yini yake a gona da fartanya ba. Wallahi abin nan yana ci mini rai. Ciwon suga ido yake taɓawa, da ƙoda, da ƙafa. Mutum yana ƙoƙarin tsare waɗannan, masoyansa ne kuma ke tura masa malmala ta biyu, don a wurinmu wanda bai ci tuwo ba bai ci abinci ba.

Na nawa ma muke? A farfesu dai, sa radish ɗin daf da saukewa, jan ɓawonsa zai zuba a romo, ba komai. Warin kabeji zai tashi, buɗe taga. Gyatsa kuwa, haƙuri.

Wannan ta ƙarshe ba wasa a ciki: in kana shan maganin suga ko allurar insulin, gaya wa likitanka kafin ka rage sitaci, domin sugan yana iya faɗuwa ƙasa ƙwarai har mutum ya suma.