Yadda Ake Nema wa Tsohuwar Kwamfuta Miji

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi an ɗaga masa ƙafa na shekara guda, sauran kuwa babu ci, babu sha, babu mai aiko musu da rigakafi. Haka kwamfutocin cinya birjik suka wayi gari zawarawa. Shi kuwa Windows 11 saurayi ne mai ruwan ido: sai mai TPM 2.0, sai mai furosesa, in na Intel ne, jeri na takwas ko sama. Tsohuwar EliteBook ɗin da ka sayo ta hannu a Farm Centre, kallo ɗaya zai yi mata ya kau da kai.

Don Allah kada ka miƙa ta ga 'yan jari-bola. Lafiyarta ƙalau, miji kawai take buƙata, kuma kai ne waliyyinta.

Waliyyi na gari yakan fara sanin ƙarfin 'yarsa. Duba ram ɗinta: giga 2 ne, 4 ne, ko 8? Sannan ka duba ko 64-bit ce ko 32-bit. Amsoshin nan biyu su za su tace maka manema.

Yawancinsu 'yan gida ɗaya ne, zuri'ar Linux, wadda wani ɗalibi ɗan Finlan, Linus Torvalds, ya kafa a 1991. Gida ne da ba a karɓar sadaki, ko sisi. Ni dai zaɓina a cikinsu Linux Mint ne, kuma ba na ɓoyewa. Tun 2006 yake nan, mutum ne mai haƙuri da baƙo. Maɓallin buɗe manhajoji yana ƙasa ta hagu, agogo yana ta dama, daidai inda hannunka ya saba kaiwa a Windows, don haka ko Baba da bai son a taɓa masa tsarin kaya ba zai yi faɗa ba. In ram ya kai giga 4 ko fiye, ba ta mai rigar Cinnamon. In tana haki, fanka na kuka kamar injin markaɗe, ba ta mai rigar Xfce, wanda bai cika ci ba. Mint 22, da ya fito a 2024, ya ɗauki alkawarin kula da ita har 2029. Wannan shi ake kira mijin rufin asiri.

In ram giga 2 ne cak, Lubuntu ya fi sauƙin riƙo. In kuwa 32-bit ce, ta ga jiya ta ga yau, Mint ya daina neman irinta tun 2020, sai ka kai ta wajen antiX, wanda ba ya gudun furfura. Akwai Zorin OS daga Ayalan, ɗan gayu mai kama da Windows. Akwai ChromeOS Flex na Google, mai saurin tashi, amma rabin ransa yana intanet. In datarka ta sati-sati ce, za ku riƙa samun saɓani.

Wani yaro a unguwa zai zo ya ce a sa mata Kali, wai na masu kutse ne, ko Arch, wai na ƙwararru ne. Ka yi masa godiya, ka raka shi bakin ƙofa. Kali kayan aikin masu gwada tsaro ne, Arch kuwa sai ka gina ɗakin da kanka kafin a kawo amarya.

Yanzu sai zance, kuma nan ne na fi so ka natsu. Sauko da fayil ɗin Mint, kusan giga 3 ne, don haka ka bari sai datar dare. Ɗora shi a filash mai giga 8 da Rufus ko balenaEtcher. Kunna kwamfutar kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi filash. Mint zai shigo ya zauna a zaure, bai taɓa komai na cikin gida ba. Gwada shi son ranka. Wi-Fi ya kama? Sauti na fita? Kyamara fa, da firinta? Ƙara tsarin rubutun Hausa, yana nan cikin jerin harsuna, ka ga ɗ da ƙ da ɓ sun fito da ƙugiyarsu. In Wi-Fi ya ƙi, sau da yawa katin Broadcom ne. Jona wayarka da kebul, Driver Manager zai sasanta su. In jininsu bai haɗu ba, zare filash, kowa ya kama gabansa, ba a ci kuɗin kowa ba.

Ka kuma tambayi batun agola. Takardun Word da Excel, LibreOffice zai riƙe su. Firefox da VLC 'yan gida ne. Amma CorelDRAW da Photoshop ba sa bin uwarsu sabon gida. In da su kake cin abinci a shago, to a nan misalin aure ya tsaya, domin kwamfuta tana iya zama da Windows da Mint a lokaci guda, ka zaɓi wanda kake so yayin kunnawa.

Kafin ɗaurin aure, kwashe kayan ɗaki kaf: hotunan suna, kundin digiri, lissafin shago, duk a kai wani faifan. Zaɓin goge faifai da Mint zai nuna maka yayin girka shi ba ya tambaya sau uku. In da hali, yi mata lefe da SSD a madadin tsohon faifanta mai juyawa, za ka ga tsohuwa tana tsallake kwata. Sannan ka cika batir, ko ka tada janareta in batirin ya mutu, domin ɗaurin auren kan ɗauki kamar rabin awa, kuma ba a so wuta ta ɗauke ana tsakiyar fatiha.