Zuwa ga Bawana Bazazzage, Mai Lambar "A"

Labarinka ya riga ka sauka a Kwangila, ya iso mana Kano da zafinsa. An ce da ka je taron nan na Landan, yarinyar da ke karɓar baƙi ta ɗaga waya ta ce wa maigidanta "a Mr Wane is here". Shi ke nan ka dawo kana tara jama'a a Tudun Wada, wai Turawa sun dube ka sama da ƙasa sun ba ka A, daraja ta ɗaya. Har da yanka zakara!

Kaico, Zage-zagi. Wannan "a" ɗin ba maki ba ne. In Bature ya liƙa shi a gaban sunan mutum, "wani" kawai yake nufi: ga wani Malam Wane nan, ban san shi ba, ban san daga inda ya faɗo ba. Haka "one Mr Wane" da "a certain Mr Wane", duk kanwar ja ce. Wanda duniya ta san da zamansa "the" ake sa masa, a ja wasalin da kyau, wato shi dai wannan da kake ji a rediyo. Kai da "the" kuwa sai hange daga nesa.

Abin da ya fi ba ni kunya, a gaban mutane ka ce "Sir Bello". Tun 1962 jami'ar da ke ɗauke da sunan Sardauna take zaune a Samaru, a ƙarƙashin hancinka, amma ko ƙurar iliminta ba ta taɓa ka ba. "Sir" da sunan yanka yake tafiya: Sir Ahmadu, Sir Abubakar, ko a kawo sunan duka. "Mr" ne ke bin sunan dangi. Kai ka juya su, ka sa wando a ka, hula a ƙafa.

Katinka ma na gani: Alhaji Dakta Injiniya Mr, sunan kansa ya rasa wurin zama. Bature ba ya haɗa Dr da Mr, ɗaya yake ɗauka.

In ka shigo Kano ka biyo ta gida. Na riga na gaya wa yara, in sun ga wani Bazazzage da kati a hannu su shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ka taho da kuɗin sharata, har na bara.