Ƙanzon Italiya

Tun ranar Talata da gefen hagu nake tauna. Na dama yana hutu, kuma mai duba haƙori ya ce hutun zai yi tsawo. Duk wanda ya tare ni a bakin tasha ya ga kumatu ya tasa, sai in ce masa ƙashin balangu ne, don magidanci mai furfura ba ya tsayawa gaban jama'ar Ƙonni ya ce fiza ce ta kayar da shi. Amma tunda wannan fili nawa ne, bari in amayar da abin in huta.

Amaryar Yayana ce ta aiko yaro, wai kada in ci komai da rana, akwai abin mamaki. Ni kuwa da shekaruna sai na biye mata, na wuce mai tuwon masara ina ɗaga masa hannu kamar wanda aka gayyata fadar gwamna a Tawa.

Abin mamakin yana zaune bisa teburi a tsakiyar falo, an lulluɓe shi da mayafi mai kyau fiye da wanda Inna ke zuwa suna da shi. Abin gashi ne na lantarki, baƙi, mai murfi, kamar ƙaramin akwatin tafiya. Na ce daga ina? Ta ce daga Illela. Na ce wacce? A nan ƙasar in mutum ya ce maka Illela dole ka tambaya, don muna da biyu: tamu ta can arewa wajen Badagishiri, da ta Sakkwato da ke nan bayan iyaka, wadda ɗan kabu-kabu zai kai ka ya dawo shayinka bai huce ba. Ta harare ni ta ce ina tamu za ta samu irin wannan. Kan wayar ma ya ba da shaida: ƙafa uku gare shi irin na Ingilishi, ramin bangonmu kuwa biyu ne irin na Faransa. Turawa sun tafi tun 1960, sun bar mana rigimarsu a jikin bango. Sai da aka aiki yaro kasuwa ya sayo mai sulhu kafin aka ɗaura auren.

Ana jona shi mita ta yi tsaki ta ɗauke wutar gidan duka.

Na juya na'urar na karanta gindinta: wat 2000. Fankar da ke kanmu ba ta wuce wat 70 ba. Ke nan wannan ɗan akwati shi kaɗai yana lashe abincin fanka kusan talatin. Tashar hasken rana da aka buɗe a Malbaza a 2018 megawat 7 take bayarwa in rana ta tsaya tsaka; na buga lissafi a raina, amare 3500 suka jona irin wannan lokaci guda, shi ke nan, an shanye ta har ɗigo. Kuma ku kuka san adadin amaren da ake kaiwa tsakanin Dogarawa da Ƙonni daga ƙaramar salla zuwa babba.

Sai aka bi gida ana kashe kaya. Aka cire firiji, aka kashe telebijin, aka kashe fankar ɗakin Inna, aka kashe ta falo. A bazara. A garin da ƙadangare ke ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya in zai tsallake tsakar gida. Muka zauna mu tara muna kallon akwati yana zafi, mu ma muna yi, har na fara tunanin da mu aka shafa wa tumatir da mun riga fizar nuna. Inna ta leƙo tana fifita da faifai ta ce, "Wai hizar ce har yanzu?" Amarya ta ce, "Inna, pizza ake cewa." Inna ta ce, "To, Allah shi ba ta lahiya."

Ban ƙi yaba aiki ba. Ta kwaɓa garin alkama da yis tun safe, ta murza shi da kwalba ya yi fele-fele, ta shafa mai, ta gasa gefe ɗaya tukuna, ta juya, sannan ta shafa miyar tumatir kaɗan don kada ruwa ya jiƙa ƙasan. Duk daidai ne, haka masu abin ke yi. Sai dai wutar akwatin daga ƙasa take tasowa. Kafin cukun kanti da ta yayyanka a sama ya yi tunanin narkewa, ƙasan ya yi sallama da duniya. Ta ƙara minti biyar saboda cuku. Ta ƙara wasu biyar saboda matar cikin waya da take kwaikwayo ta ce sai ya yi ƙamas-ƙamas.

Da aka sauke na miƙa hannu. Aka buge hannun.

Kun san sauran. An ɗauki hoto daga sama, an ɗauka daga gefe, an hau kujera, an sauko, an canja faranti, an kawar da Yaya daga baya saboda singiletinsa ta huje. Wannan duk mun saba, ba wanda ya ce uffan. Abin da ban taɓa gani ba shi ne ɗaukar ƙara. Ashe yanzu ba a yarda abinci ya yi daɗi sai an ji kukansa. Ta ce, "Ƙanin miji, kai ke da haƙora masu kyau a gidan nan, zo ka gatsa, ni kuma in kara waya a bakinka." Yabo ya ci ni. Na gyara hula.

Aka ce kowa ya yi shiru. Na gatsa. Ɗan kabu-kabu ya wuce da salansa a fashe. A sake.

Na gatsa na biyu, akuya ta amsa daga turke. Aka kori akuya zuwa zaure, ita da ba ta ci ba ta sha ba.

Na uku, wata babbar mota ɗauke da simintin Malbaza ta bi babbar hanya, tagogi suka ɗauki rawa. Na dubi abin da ke hannuna, na dubi motar, na ga kamar ƴan gida ɗaya ne suke gaisawa.

Na huɗu, uwargida ta fara daka. Ƙarfe uku na rana! Shekara ashirin da biyu tana gidan nan ban taɓa jin taɓaryarta a wannan lokaci ba, kuma na rantse turmin babu komai a ciki, don amon turmi wofi daban yake. Yaya ya fita ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce ai ba ta san ana aikin rediyo ba, a yi haƙuri.

Na biyar na yi bisimilla da ƙarfi, amarya ta ce in riƙa yi a zuci, tana shiga cikin sautin. Na shida ƙarar ta fito, amma gumi ya ɗigo daga hancina a kan idon waya. Zuwa lokacin na ci kusan rabin fizar ban san ɗanɗanonta ba, saboda duk gatsar da ba ta yi ba sai a ce in haɗiye da sauri a sake. Muƙamuƙina ya yi tsami kamar na raƙumin da ya kwana yana tuƙa.

Na bakwai kuwa, Allah Ya ba da sa'a. Gari ya yi tsit, ko kaza ba ta motsa ba. Na kai baki na danna da iyakar ƙarfina, sai ji kake ƙarass! Ƙara mai tsabta, mai amo, wadda ta kai har zaure. Amarya ta yi guɗa. Yara suka yi tafi. Ta sake kunnawa sau uku tana cewa, "Kun ji ko? Kun ji ƙamas?"

Na ji. Turmin haƙorina ne na dama.

Kafin la'asar sautin ya zagaye WhatsApp. Ƙawayenta daga Maraɗi har Yamai suna ta sa albarka, wata ma ta roƙi a faɗa mata sirrin. Sirrin yana aljihuna ƙunshe a takarda, na kai wa mai duba haƙori ya gani.

Abin da ya fi ba ni haushi, da na bincika, mutanen Napoli da suka fito da abin nan ba su ce a yi shi da tauri ba. Tasu fizar laushi gare ta, har ninke ta suke yi kamar hankici su ci a tsaye. A tanderun itace suke gasa ta, mai zafin da ya haura digiri 400, minti ɗaya da rabi an fitar. Akwatin amarya ko ya yi rantsuwa iyakarsa ɗari biyu da ƴan kai. Cukunsu na asali ma da nonon ɓauna ake yi. A 2017 UNESCO ta sa gwanintar masu gasa fizar Napoli cikin gadon duniya, kuma ban ji an ambaci karya haƙori cikin sharuɗɗan ba. Tanderu da itace da gwani mai juya ƙullu a hannu: ashe masu gurasa ne da suka samu masu yi musu talla.

Abin da aka ba ni kuwa na san shi tun ina yaro. Ƙanzo ne. Ƙasan tukunya da ya kama, ya yi baƙi, ya yi tauri. Shi ne wanda ake kankarewa da bayan cokali a shanya bisa rufin ɗaki, in kwana ya yi kwana a jiƙa a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli. Da a ce amarya ta sauke tuwo da ƙanzo irin wannan a makonta na fari, da har ƙauyensu an ji labari. Yau an shafa masa tumatir, an kira shi da sunan Italiya, an kashe fankar tsohuwa saboda shi.

Amma duk wannan da sauƙi. Albasa ce ta tsaya mini a rai.

Zobe uku na ƙirga a kan fizar. Uku. An jera su kamar ƴan kunne a tagar maƙerin zinariya. Na ce amarya ina sauran? Ta ce matar cikin waya uku ta sa. A gidan Yayana! Mutumin da tun yana saurayi yake loda buhuna a Galmi da Tsarnawa, wanda in ya shiga masallaci sahu biyu sun san ya iso. Albasar nan ja ta Galmi ita ce Faransawa suka rubuta sunanta a littattafan noma, ita ake ci a Abijan, ita ce ƴan uwanmu ke sayarwa a Kumasi da Ankara, inda a 2021 aka tashe su daga kasuwar Agbogbloshie aka mai da su Adjen Kotoku can bayan gari. Matar cikin waya tana sa uku ne don a ƙasarsu ɗai-ɗai ake saye, a auna a sikeli. Mu nan a wannan wata taka ta ake yi a bakin hanya.

Kuma kun san abin da ke faruwa a watan cire albasa. Kowa ya cire lokaci guda, kasuwa ta cika, buhu ya faɗi warwas. Manomin da ya kwashe wata huɗu yana ban ruwa, ya ci bashin taki, ya ci bashin man inji, ba shi da ƙarfin jira. Mai bashi yana tsaye bakin gona. Ya sayar a yadda aka taya. Wanda ya daure ya zuba a rudu, zafi da damshin damina su raba da shi, ya buɗe bayan wata uku ya tarar kashi mai yawa ya zama ruwa. Sai kaka ta wuce, buhun nan da aka karɓa a wulaƙance ya ninka kuɗinsa a hannun wani. Shekara nawa muna jin za a gina ma'ajiya ta zamani? Taro nawa aka yi, an ci kaji nawa a kan maganar? Mun iya kawo akwatin da zai ƙona gari ya zama dutse, har da mai sulhunta ƙafa uku da rami biyu, amma ɗakin da albasa za ta kwana lafiya ya gagare mu. Na faɗa wa Yaya haka, haƙori yana zugi. Ya ce in bar maganar, shi ma da kuɗin albasar ya sayi akwatin, buhu nawa ne ma ba ya son tunawa.

Ga tumatir ma. Fadamun nan suna fitar da shi har a rasa kwando, mata su yanka su shanya ya zama kauɗa, amma na kan fizar na gwangwani ne, wai ya fi ja a hoto. Cukunmu na Tawa da ake ci da shayi, na ce me ya hana a gwada? Ta ce ba ya narkewa. Na ce wannan ɗin da ya narke ina ya kai mu? Alkama kuwa ana nomanta nan cikin gandun ban ruwa na Ƙonni, amma kada in fara, takarda za ta ƙare.

Da magariba uwargida ta aiko mini da tuwon dawa da miyar kuka har gida, mai laushi, an tuƙa shi kamar don jinjiri. Ba ta ce komai ba. Yaron da ya kawo ne ya ce wai a gaishe ni da jiki, kuma wai in ana buƙatar mai daka gobe tana nan.

Ragowar fizar Inna ta karɓa. Ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ce ba a zubar da abinci a gidanta, wannan jiƙo yake so. Ta sa a kwano ta zuba ruwa, ta aika aka sayo ƙuli-ƙuli na dala ashirin, ta yanka albasa manya guda biyu ta ajiye a gefe.

Jiya na leƙa. Kwana uku ke nan a ruwa. Inna ta taɓa da yatsa ta ce a ƙara mata zuwa Juma'a.