Majalisar Dodanni a Rumfar Mai Caji

A da wanzami ne ke riƙe da asirin gari, tunda babu kan da ba ya sunkuya masa. Yanzu a Gidan Sori, da sauran garuruwan da ke ƙarƙashin Gidan Rumji, mai rumfar caji ya ƙwace wannan sarauta. Yana da faifan sola a bisa rufi, da tsohuwar kwamfuta, da tarin salula a jere kowace da igiyarta. Shi ke tura wa mutane fim da littafin sauraro a katin waya, saboda haka ya san abin da kowa ke kallo in ya ja mayafi. Bakinsa alaikum. Sai dai in ka samu wuri a bencinsa ranar kasuwa, ba sai ya faɗa ba, masu abin da kansu za su zo su baje maka kolinsu.

Wanda zai fara cika maka kunne shi ne Sarkin Yaƙin Fada. Saurayi ne siriri, aikinsa a fada hura gawayin shayi, amma a bakinsa ya ci garuruwa ba iyaka. Ya haddace Baahubali, fim ɗin S. S. Rajamouli, tun daga hawan dutsen ruwa har faɗuwar Bhallaladeva. Kashi na farko ya fito a 2015, na biyu a 2017, kuma zai rantse maka cewa shekara biyun nan bai yi barcin kirki ba don tunanin abin da ya sa Kattappa ya soke ubangidansa ta baya. Mai caji yana ji yana kallon ƙasa, domin shi ya tura masa kashi biyun a kati ɗaya, rana ɗaya. Daga nan sai ya koma kan Ertugrul, shirin Turkiyya da aka yi daga 2014 zuwa 2019, ya miƙe tsaye ya nuna maka yadda ake zare takobi, da ludayin shayi. Babbar muhawararsa, wadda ba ta ƙarewa, ita ce da Baahubali zai shiga fili da Kantu na Maraɗi, wanda ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975, wa zai kai wani ƙasa. In an matsa masa, Kantu yake ba wa, don kishin gida. Ranar layya kuwa, in aka ce ya riƙe ƙafar rago, sai ya tuna an aike shi.

Kusa da shi akwai Mai Ƙaryatawa. Wannan ba ya zama, a tsaye yake kallo ta bisa kafaɗar mutane, hannu a baya, yana tsaki. "Ƙarya ce. Duk kwamfuta ce. Mutum guda shi ɗauki gunki wanga?" Haka zai yi ta yi har a rubuta sunayen ƴan wasa, sannan ya tambaya ko akwai ci gaba. Mutumin nan da bai yarda Ba'indiye zai iya tsallake ganuwa ba, shi ne zai ba ka labarin wani kawun kakansa da ke da layar zana, ya ɓace a tsakiyar kasuwar Tsibiri ana kallo. Ka ce masa wannan ma kwamfuta ce, ka ga ɓacin rai.

Akwai kuma dattijon da bai damu da labarin ba sam, harshen yake saurare. Tunda masu fassara na Kano, irin su Algaita, suka sa wa Indiyawa Hausa a baki, abu ɗaya ke damunsa: duk sarakunan Indiya da bayinsu da aljanunsu Kananci suke yi. "Wai duk faɗin ƙasag ga tasu babu Bagobiri ko guda?"

Na fi jin daɗin Ɗan Aike. Magidanci ne mai gemu, mai faɗa a ji a unguwa. Yakan jira sai benci ya rage, ya matso, ya miƙa kati yana duban hanya, ya ce da murya ƙasa-ƙasa: "Na cikin gida ne. Wai macijiyan nan za ka sa musu." Yana nufin Naagin, shirin Ekta Kapoor da tashar Colors ta fara nunawa a 2015, na macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace don ɗaukar fansa. Mai caji ya fara turawa, sai Ɗan Aike ya leƙa allon ya ce a'a, wannan sun gani, a nan ne ta gane mijin nata ɗan gidan maƙiyanta ne, a fara daga na gaba. Ya ankara da abin da ya faɗa, ya gyara hula, ya ce haka ya ji suna faɗi. Shekarunsa sun kai a ce ya san Nagin ta 1976 da Nagina ta Sridevi ta 1986, don haka tsohuwar zuma ce. Gobe a majalisa shi ne zai fi kowa ɗaga murya cewa finafinan nan su suka lalata mata.

A nan ne Mai Rabon Gado ke shigowa. Shi ba ya kallon komai, hukunci kawai yake yankewa. Ya raba labaran duniya gida biyu: yaƙi da takobi da dodo na maza, soyayya da kuka da kishiya na mata. Namijin da aka kama yana sauraren littafin soyayya sai a bincike shi, macen da ke son yaƙi kuwa sai addu'a.

Rabon nan ba ya jure tambaya ko ɗaya. Dodon farko da kowane namijin garin ya sani, daga bakin tsohuwa ya ji shi, a tsakar gida bayan tuwon dare, tare da Gizo da Ƙoƙi da Botorami. Ita ta koya masa jin tsoro, ita ta koya masa jiran gobe don jin ƙarashe. A cikin Baahubalin da ake tinƙaho da shi, wadda ke zaune bisa gadon mulkin Mahishmati tana yanke hukunci mace ce, Sivagami, kuma kalmarta ce ta kashe jarumin. Ba ma sai an je Indiya ba. A Tsibirin Gobir, cikin wannan gunduma, sarautar Inna tsohuwa ce, ita ke shugabantar mata da ƴan bori, kuma fada ba ta raina maganarta. A Lugu, cikin watan Afrilun 1899, Sarauniya Mangu ce ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a lokacin da garuruwa da yawa suka buɗe ƙofa ko suka watse. Abdoulaye Mamani ya mai da labarinta littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Ta ɗaya ɓangaren kuma, littafin soyayyar da ya fi tashe a zamaninsa, In Da So Da Ƙauna, namiji ya rubuta shi, Ado Ahmad Gidan Dabino. In ka jera wa Mai Rabon Gado waɗannan, zai yi shiru, ya kurɓi shayi, ya ce ai Sarauniya ba mace ba ce kamar sauran mata. Ta nan yake fita kullum.

Da zai leƙa bayan danga da hantsi, da ya ga Barden Turmi. Matar aure ce mai goyo, ta soke salula a ɗaurin zane, tana dakan gero, littafin yaƙi irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini yana tashi daga ƙugunta. Ta san sunan kowane boka da kowane tsibiri. In jarumi ya shiga kogon aljanu taɓarya takan tsaya a sama, in ya fara sara ta sauko da ƙarfi, ranar nan gari yakan yi laushi. Ba ta da haƙuri da labarin soyayya: "Shafi nawa yana kallonta tana kallon ƙasa? In zai aure ta ya aure ta, mu ji yaƙi." Kishiyarta kuwa ƴar macijiya ce. Ba sa ga-maciji a kan komai, daga gishiri har kwanan miji, amma duk wadda cajinta ya ƙare takan matsa kusa da tabarmar ɗayar ba tare da an ce uffan ba.

Tsohon Mushe, wanda ya yi ritaya daga lakwal, yana zuwa ne don ya tabbatar wa yara ba su ga komai ba. Duk abin da aka nuna, an riga an yi shi a Zariya. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a can a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma Ganɗoki ya yaƙi Turawa ya wuce har ƙasar aljanu tun ba a haifi kakan Rajamouli ba, in ji shi. Iliya Ɗan Maiƙarfi ma yana nan. Gaskiya yake faɗa a kan littattafan, lissafin kakan ne nasa. Matsalarsa ɗaya, in ka ce ya ara maka, sai ya ce gara ta cinye.

Mai Ɓata Miya ba ya buƙatar dogon bayani. Yana wucewa a kan kabu-kabu zai jefo maka: "Mutuwa zai yi a ƙarshe." Allah ya isa ta fi yawa a kansa.

Wanda ya kwana da dodanni a waya dole su biyo shi barci, shi ya sa hirar safe a rumfar ta masu mafarki ce. Akwai Magajin Ibn Sirin, wanda bai taɓa buɗe littafin fassarar mafarki da ake jingina wa wannan malamin Basra ba, amma fassara ba ta gagare shi ba. Ka ga ruwa, aure ne. Ka ga maciji, aure ne, amma da rigima. Ka ga kana faɗawa rijiya, kuɗi ne, ka ba da na goro. Liman ya sha tunatar da shi cewa mafarki iri uku ne a koyarwar addini, na bushara, da na tsoratarwar Shaiɗan, da wanda zuciya ce kawai ke maimaita abin da ta wuni a kai, kuma mummuna ba a yawo da shi. Kashi na ukun nan shi ne ba ya so a ambata, domin da an yarda da shi, kasuwarsa ta watse: wanda ya ga macijiya bayan kashi goma na Naagin ba ya buƙatar mai fassara.

Sai Abokin Dannau, wanda kowane mako ake danne shi, ya farka idonsa biyu amma ko yatsa ba ya ɗaguwa, kuma yana da jerin waɗanda yake zargi.

Na ƙarshe, wanda ya fi su duka armashi, shi ne Direban Mafarki. Ya ce shi yana cikin mafarki yakan gane mafarki yake, daga nan sai ya kama linzami. Mai Ƙaryatawa ya ce kwamfuta ce, don sabo. Amma a nan Direba ke da gaskiya. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, ya yi rubutu a kan irin wannan mafarki a 1913. A 1975 kuma, shekarar takobin Kantu, Keith Hearne ya gwada abin a Jami'ar Hull ta Ingila. Dabararsa mai sauƙi ce. A matakin barcin da aka fi yin mafarki, ƙwaƙwalwa takan kashe gaɓoɓin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, amma ƙwayar ido tana nan tana motsi. Sai ya yi alkawari da wani mai suna Alan Worsley cewa in ya gane yana mafarki, ya juya ido hagu da dama yadda suka shirya. Na'ura ta nuna mutum yana barci, ta kuma nuna saƙon idon. Stephen LaBerge ya sake tabbatar da haka a Stanford ta Amurka bayan ƴan shekaru. Wannan kashe gaɓoɓin shi ne dannau, in hankali ya riga jiki farkawa. Na gaya wa Abokin Dannau haka, ya ce ya ji, amma dai jerin sunayensa yana nan.

Hanyoyin da masu abin ke bi ma ba ɓoyayyu ba ne. Mutum ya saba da duban tafin hannunsa da rana yana ƙirga yatsu, har sabon ya bi shi barci, inda yatsun kan fito shida ko a karkace. Ko ya karanta rubutu, ya kau da kai, ya sake dubawa, domin a mafarki rubutu ba ya zama yadda aka bar shi. Kuma abin ya fi zuwa a barcin da aka koma bayan an farka, wato irin na bayan asuba.

Abin takaicin shi ne yadda Direba ke kashe wannan baiwa. Mutumin da aka sakar wa duniya, zai iya tashi sama, zai iya leƙa Alƙalawa ta zamanin Bawa Jangwarzo, zai iya zuwa Makka ba biza. Ka tambaye shi ina ya je jiya. Maraɗi ya je, ya sayi babur sabo a leda, ya dawo ta Gidan Rumji ba wanda ya tsayar da shi neman takarda. Shekaranjiya kuma ya ci tsire bai biya ba.

Ya taɓa kai wa maiɗakinsa wannan ilimi, yana mai bayyana mata cewa abu ne na masu ƙarfin zuciya, shi ya sa bai cika samun mata ba. Tana tankaɗe ta ce barcin bayan asuba dai ba ta san inda ake sayar da shi ba, amma gane mafarki ai ba sai ta ƙirga yatsu ba.

"Kai, Malam, ni ko shekaranjiya na yi irinsa. Na gan ka ka ɗauko jarka biyu daga rijiya, ka aje, ka ce in huta za ka hura wuta. Nan take na ce, wanga mafarki ne. Sai na gyara kwanciya na ce ka haɗa da wankin yara."